Sabon maganin sanƙo: me ya sa tallarsa ke riga shi isowa kasuwa?

Mai_Kemis: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da nake so mu tattauna. Daga 1988 zuwa 2025, magunguna biyu kacal hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su don sanƙon gado: minoxidil na shafawa, wanda ya fito a 1988 da sunan Rogaine, da kuma ƙwayar finasteride mai miligiram 1, wadda ta fito a 1997 da sunan Propecia. Ke nan kusan shekara talatin babu na uku. Amma babu shekarar da za ta wuce ba a yi shelar cewa an gano maganin sanƙo ba. Masu saye sun rabu biyu: wasu duk abin da suka gani a TikTok sai sun nema, wasu kuma ko maganin gaske ka miƙa musu sai su ce damfara ce. Tambayata ita ce, lokacin da ake sakin waɗannan tallace-tallace da gangan ake zaɓarsa? Kuma me ya kamata a gaya wa wanda ya zo da hoto a wayarsa yana tambaya?

Likitar_Fata: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je ga masu talla, a fara da gashin kansa, don a nan dabarar take. Kowane sili yana da zagayensa. Yana girma shekara 2 zuwa 6, ya tsaya na mako biyu ko uku, ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi, sabo ya taso daga ramin. Zubewar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne.

To idan jiki ya sha wuya, kamar zazzaɓin taifot, maleriya mai tsanani, tiyata, haihuwa ko ramewa ta gaggawa, sai silin gashi masu yawa su shiga hutu a lokaci guda. Ba nan take za su zube ba, sai bayan wata 2 zuwa 3. A lokacin mutum ya ma manta da ciwon, sai ya ga gashi a matashin kai da mataji, hankalinsa ya tashi, ya nemi magani. Irin wannan zubewar yawanci da kanta take tsayawa cikin wata 6. Saboda haka duk man da ya shafa a wata na uku, shi zai ci yabo a wata na shida. Mai sayar da man kamar mai roƙon ruwa ne da bai fito ba sai da ya ga hadari ya haɗu.

Shi ya sa shaidar "na gwada ya yi min aiki" ba ta da nauyi a wannan fanni. Mai faɗin hakan ba ƙarya yake yi ba, gashinsa ya dawo. Abin da bai sani ba shi ne da zai dawo ko bai shafa komai ba.

Masanin_Talla: Likita, kin faɗi agogo na farko da masu talla ke bi, wato na gashin kansa. Akwai wasu biyu.

Na biyu shi ne kalandar kasuwa. A Amurka an ware watan Agusta don wayar da kai kan zubewar gashi, kuma ragin farashin ƙarshen Nuwamba yana biyo baya. A wajenmu kuwa makonni uku zuwa huɗu kafin Sallah, da lokacin bukukuwan aure, da shigowar hunturu lokacin da gashi ke bushewa yana karyewa. Mai talla yana duba lokacin da mutane suka fi binciken kalmar a intanet, ya zuba kuɗinsa a nan. Ni ban ɗauki wannan laifi ba. Mai sayar da rigar sanyi ma ba ya talla da bazara.

Na uku shi ne wanda mutane ba su lura da shi: kalandar masu zuba jari. Ƙaramin kamfanin da ke binciken magani ba shi da abin sayarwa tukuna, kuɗin masu jari yake ci. Duk sanarwar da ya fitar, su yake yi wa magana, ba mai sanƙo ba. Jaridu su ɗauka, masu bidiyo su ƙara gishiri, kafin labarin ya iso WhatsApp ya zama "magani ya fito". Akwai kuma batun ƙarewar haƙƙin mallaka. Rogaine ya koma maganin da ake saya ba takardar likita a 1996, daidai lokacin da kariyar da ke hana wasu kamfanoni yin irinsa ta ƙare. Finasteride mai araha ya shiga kasuwar Amurka a 2013, bayan 'yan shekaru sai ga kamfanonin intanet irin su Hims a 2017 da Keeps a 2018, suna sayar da tsofaffin magungunan nan biyu cikin sabon kwali. Abin da ya sabunta kwali ne da hanyar aikawa.

Ɗan_Lab: Bari in ɗora a kan na ukun, don nan ne aka fi yaudarar masu karatu. Duk labarin sabon magani, tambaya ta farko: a kan wa aka gwada?

A 2024 labari ya karaɗe duniya cewa wani nau'in sukari, deoxyribose, yana tsiro da gashi kamar minoxidil. Binciken na gaske ne, na Jami'ar Sheffield ta Ingila da Jami'ar COMSATS ta Pakistan. Amma a kan ɓeraye aka yi shi. Zagayen gashin ɓera na makonni ne, kuma gashin bayansa yana tashi gaba ɗaya a tare, ba kamar na mutum ba. Abubuwa da yawa sun tsiro da gashi a bayan ɓera, a kan mutum kuwa shiru.

Sai PP405 na kamfanin Pelage, wanda ya samo asali daga binciken Jami'ar UCLA. A 2025 suka sanar da sakamakon gwajin mataki na 2 a kan mutum 78. Babbar manufar gwajin ita ce a ga ko maganin yana cutarwa. Adadin da ya yi ta yawo, wato kashi 31 cikin 100 sun sami ƙarin cikar gashi sama da kashi 20, na wani rukuni ne a cikin mazan, ba na dukkan mutum 78 ɗin ba. Ba ina cewa maganin banza ba ne, yana iya zama alheri. Amma tsakanin wannan mataki da kantin magani akwai gwajin mataki na 3 a kan ɗaruruwan mutane ko fiye, da nazarin hukuma, kuma wannan aikin shekaru ne. Duk wanda ya tallata maka kwalba da wannan suna kafin hukuma ta amince, ba daga kamfanin ta fito ba, sayen kifi a ruwa ne.

Tambaya ta biyu: kashi na me? A Disamban 2025 kamfanin Cosmo ya sanar da gwaji biyu na mataki na 3 a kan clascoterone don sanƙo, sinadarin da aka amince da shi don ƙurajen fuska tun 2020. Gwaji ɗaya ya nuna fifikon kashi 539 a kan ruwan da babu magani a ciki, ɗayan kashi 168. Magani ɗaya, tsari ɗaya, amma dubi tazarar. Ga misali na lissafi kawai, ba alƙaluman kamfanin ba: idan masu shafa ruwan wofi sun ƙaru da sili 2 a santimita ɗaya murabba'i, masu maganin suka ƙaru da 12, fifikon kashi 500 ne. Amma sili 10 ne bambancin, a wurin da lafiyayyen kai ke ɗauke da sama da 100. Idan ruwan wofin ya ba da 4 a maimakon 2, kason ya faɗo zuwa 200 alhali maganin bai canja ba. A nemi adadin silin, kada a tsaya a kan kason.

Mai_Aski: Ni dai ranku ya daɗe, duk wannan bayani yana ƙara tabbatar min da abin da masu aski suka daɗe suna faɗa: sanƙo in ya zo, a aske kawai a sa hula. Hotunan "kafin" da "bayan" duk wanda ya san gashi zai iya haɗa su cikin awa ɗaya. Hoton farko a jiƙa gashin ko a shafa masa mai ya manne, a ɗauka a ƙarƙashin ƙwan fitila daga sama, fatar kai ta yi ƙyalli. Na biyu a busar, a taje shi ya tashi, a ɗauka daga gefe a inuwa. A bar gashi ya ƙara mako biyu ba aski, a gyara layin goshi da reza, a fesa baƙin fenti ko a barbaɗa garin gashin nan da ke manne wa sili. Shi ke nan, "sakamakon kwana 14". Gashinmu ma bai cika kai santimita ɗaya a wata ba, ina zai yi wannan cikar a kwana 14?

Likitar_Fata: Malam Mai Aski, a kan hotuna gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari. Aski da hula ma zaɓi ne mai kyau ga wanda abin bai dame shi ba. Inda ban yarda ba shi ne a ce duk ƙarya ne, don wannan shakkar tana cin mutane kamar yadda saurin yarda ke cinsu.

Sanƙon gado ba zubewa ce ta dare ɗaya ba. Sinadarin DHT, wanda jiki ke samarwa daga sinadarin mazakuta, shi ne ke ƙanƙantar da tushen gashi a hankali. Kowane zagaye silin yana fitowa siriri da gajarta fiye da na baya, har ya zama kamar gashin jariri, daga nan ya ɓace. Magungunan nan biyu sun fi aiki a kan tushen da ya ƙanƙance amma bai mutu ba. Wurin da ya yi sumul shekara da shekaru ba ya dawowa da shafe-shafe. Wanda ya ce zai jira sabon maganin da aka yi alkawari nan da shekara biyar, yana asarar abin da tsohon maganin zai iya riƙe masa yau.

Ga yadda minoxidil na ruwa yake, mai kashi 5 ga maza. Mililita 1 sau biyu a rana, a kan fata ba a kan gashi ba, kai a bushe. A bar shi kamar awa 4 kafin a wanke, a wanke hannu bayan shafawa. Ƙara yawa ba ya ƙara gashi, sai dai ya ƙara bugun zuciya da jiri. Abubuwan da ke ɓata aikin uku ne. Na farko, tsakanin mako na 2 da na 8 zubewa takan ƙaru, domin maganin yana tura tsofaffin sili waje sababbi su taso. Nan mafi yawa suke tsorata su daina. Na biyu, ƙaiƙayi da amosani, wanda sau da yawa daga sinadarin propylene glycol da aka narkar da maganin a ciki ne, kuma nau'in kumfa ba shi da shi. Na uku, ba kowa yake karɓa ba: sai fatar kai ta juya shi zuwa wani sinadari kafin ya yi aiki, kuma mutane sun bambanta a wannan. Ba a yanke hukunci kafin wata 4 zuwa 6. Idan aka daina, abin da aka samu yana zubewa cikin 'yan watanni.

Masanin_Talla: Ku haɗa wannan da yadda ake tsara ciniki za ku ga inda gizo ke saƙa. Kwalbar minoxidil mililita 60 ce, mililita 2 a rana, wata ɗaya cif. Alkawarin mayar da kuɗi yawanci na kwana 30 ne. Wato wa'adin yana ƙarewa tun kafin a iya sanin ko abu ya yi aiki. Mai maganin gaske yana shan zagi a watan farko saboda zubewar da Likita ta faɗa. Mai man ƙamshi kuwa, wanda ke sa gashi laushi da sheƙi tun daren farko, shi ke kwashe taurari biyar. Ra'ayoyin da kuke gani a ƙarƙashin kaya galibi a makon farko ake roƙon mai saye ya rubuta su.

A kula kuma da "gwaji kyauta, kuɗin aikawa kawai za ka biya". Lambar katinka suke so, bayan mako biyu a fara cire kuɗi duk wata.

Uwar_Kitso: Sannunku da ƙoƙari. Kun karkata ga maza, alhali mata ne suka fi sayen kayan nan. Bayan haihuwa gashi kan fara zuba a wata na 2 zuwa na 4, ya fi yawa a gaban goshi, kuma yakan dawo kafin yaro ya shekara. Ku duba tallar man gashi a zaurukan mata, masu jego ake nema da ita kai tsaye.

Abu na biyu, a bambanta zubewa da karyewa. A ɗauki silin a duba. Idan dogo ne da ɗan farin kai a gindinsa, daga tushe ya fito. Idan gajere ne ba shi da wannan kan, karyewa ya yi, kuma da hunturu wannan ne ya fi yawa. Karyewa tana jin mai da danshi da rage zafin na'urar busarwa da rage man miƙar da gashi. A nan ne cebe na matan Chadi da man karkar suke da amfani: suna rufe silin ya daina karyewa, tsawo ya tsaya. Ba sa tsiro da gashi a inda babu, kuma asalin yadda ake amfani da cebe a jikin gashi ne, ba a fatar kai ba. Masu talla ne suka mayar da shi maganin sanƙo.

Wanda ya fi damuna shi ne cin goshi daga kitso mai tauri da ƙarin gashi mai nauyi. Alamarsa ta farko ƙananan ƙuraje a layin kitson da ciwon kai ranar da aka yi shi. Idan kitso ya hana mace barci, ya yi tauri, a kwance shi. Da wuri gashin yana dawowa. In aka shekara ana ja, wurin ya zama tabo, babu man da zai taimaka.

Likitar_Fata: Hajiya, Allah ya saka. In ƙara: akwai wata zubewa da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, ta fi yawa a matan baƙar fata, tana tafe da zafi ko ƙaiƙayi, kuma tabo take bari. Ita da makero na yara, duk ba aikin man kasuwa ba ne. Makero ƙwayar sha yake buƙata na makonni, shafawa kaɗai ba ta kai wa tushen. Mace mai zubewar gashi kuma a auna mata jini da ƙarfen jiki da maƙoshi kafin a kashe kuɗi. Mai ciki ko mai shayarwa ta bar minoxidil.

Mai_Kemis: To a ɓangarenmu, ga abin da za a duba a kwalba. Lambar NAFDAC ba ta nufin an tabbatar abu yana tsiro da gashi. Man shafawa rajistar kayan kwalliya yake da ita. Maganin gargajiya da aka yi wa rajistar wucin gadi kuma yana ɗauke da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba, a nemi wannan layin, da ƙananan haruffa yake. A shiga kundin Greenbook na hukumar a duba ko lambar ta dace da sunan kayan. Kwalbar da babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rukuni, babu ranar lalacewa, a ajiye ta. Haɗin gida da ke kashe ƙaiƙayi nan take a yi zarginsa da sitiroyid, wanda ke sirantar da fata in an daɗe a kai.

Likita, wani abin da ke rikita mutane: sun ji an amince da sababbin ƙwayoyi a 2022 da 2023 da 2024. Suna zuwa nema.

Likitar_Fata: Waɗannan su ne Olumiant a 2022, Litfulo a 2023, Leqselvi a 2024. Na gaske ne, amma na wata cuta ce dabam, wadda garkuwar jiki ke kai wa tushen gashi hari, gashi ya zube wuri-wuri a kewaye, wani lokaci har gira da gemu. Ba na sanƙon gado ba ne. Suna danne garkuwar jiki, suna ɗauke da gargaɗi mai ƙarfi kan kamuwa da cututtuka da daskarewar jini, kuma sai an yi gwajin tarin fuka kafin a fara. Kanun labarai ne ba su bambanta ba.

Finasteride kuma ba alewa ba ce. Tana rage DHT na jini da kusan kashi 70. A gwaje-gwajen farko, 'yan kashi kaɗan na maza sun sami raguwar sha'awa ko ƙarfin mazakuta. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai a cikin illolinta, FDA kuma ta yi gargaɗi kan nau'in shafawa da kamfanonin intanet ke haɗawa suna tallata shi kamar ba shi da illa. Mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwaya. Tana kuma rage sakamakon gwajin PSA, na jinin da ake yi wa maza don duba prostate, da kusan rabi, don haka mai shanta ya gaya wa likitan da ke duba masa mafitsara.

Ɗan_Lab: Misalin da ya fi nuna ƙarfin lokaci shi ne ƙwayar minoxidil ta sha. Tsohon maganin hawan jini ne tun 1979. A Agustan 2022 jaridar New York Times ta yi rubutu a kan yadda likitocin fata ke ba da ɗan kaɗan daga cikinsa don gashi, nan da nan rubuta shi ya yi tashin gwauron zabi a Amurka. Babu sabon magani, labari ne kawai ya fito. Yana aiki, amma yana kawo gashi a fuska da jiki, kumburin ƙafa da bugun zuciya, don haka ba abin da za a saya a sha da ka ba ne.

Masanin_Talla: Amma ƙanena, man rosemary fa? Wannan kam akwai bincike a kan mutane, ba za a ce talla ce zalla ba.

Ɗan_Lab: Akwai, Yaya, guda ɗaya ne ake ta juyawa. A Iran aka yi shi, ya fito a 2015, mutum 100, wata 6. An kwatanta shi da minoxidil mai kashi 2, ba mai kashi 5 da maza ke amfani da shi ba, kuma babu rukunin da aka ba ruwan wofi. Idan ƙarin da aka gani a ɓangarorin biyu ƙarami ne, "sun yi daidai" ba ya nuna komai sosai. Binciken ya kwanta shekara bakwai ba wanda ya kula, sai da bidiyo suka tashe shi. Wanda zai gwada, kada ya shafa tsantsarsa, yana ƙona fata. Ɗigo kaɗan a cikin cokalin man zaitun ko na kwakwa.

Mai_Aski: Na ji, na sassauta a kan magungunan biyu. To masu tafiya Istanbul dashe fa?

Likitar_Fata: Dashe ba ya ƙara gashi, ɗauko shi ake yi daga ƙeya a kai gaba, kuma ƙeyar tana da iyaka. Gashin da aka dasa yana zubewa a makonnin farko, ya fara dawowa a wata na 3 ko na 4, ba a ganin sakamako sai an shekara. Gashinmu a lanƙwashe yake har a cikin fata, wanda bai saba da shi ba zai yanke tushe da yawa wajen cirewa. Mai yin tabo mai kumburi ya faɗa tun farko. Kuma gashin asali da ke bayan dashen zai ci gaba da zubewa in ba a shan magani.

Uwar_Kitso: Wanda ya riga ya sayi abu yana so ya san ko yana aiki, yaya zai yi?

Ɗan_Lab: Abu ɗaya a lokaci guda, Hajiya, in an haɗa uku ba za a san mai aikin ba. A ɗauki hoto ranar farko: goshi, tsakiyar kai, gefe biyu. Gashi a bushe ba mai, tsawo iri ɗaya, wato kwana nawa bayan aski ko tsefewa a riƙe wannan adadin. Wuri ɗaya, hasken rana ɗaya, tazara ɗaya. A maimaita a wata na 3 da na 6, ba kullum ba. A rubuta duk ciwo ko haihuwa ko sabon maganin da aka sha cikin wata 4 da suka gabata, don in akwai, dawowar gashin ba lallai daga kwalbar take ba.

Mai_Kemis: Masu shan ƙwayoyin bitamin na biotin kuma, waɗanda ake sa wa miligiram 5 ko 10 a ciki: in ba ƙarancinsa ke gare ka ba, babu kyakkyawar shaida cewa yana ƙara gashi, kuma FDA ta yi gargaɗi tun 2017 cewa yana ɓata sakamakon gwajin jini, har da na gano ciwon zuciya. Gwajin maƙoshin da Likita ta ce a yi wa mata ma yana cikin waɗanda yake rikitawa. A gaya wa mai ɗaukar jini, kuma a dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin ranar gwajin.